Sarkin Gobir Isa Bawa: Uban ƙasar da aka yi wa sallah babu gawa

A ranar Alhamis 22 ga watan Agustan 2024, ɗimbin jama'a suka yi sahu-sahu a garin Sabon Birni da ke gabashin Jihar Sakkwato. Liman ya yi kabbara huɗu kamar yadda ake yi a kowace jana'iza, sai dai babu makara a gabansa. Da aka sallame kuma babu wanda ya nufi maƙabarta.

Wanda aka yi wa sallar shi ne Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, dattijon da ya haura shekara 70 a duniya. Ya rasu a hannun ƴan bindiga bayan ya shafe fiye da mako uku a daji, kuma waɗanda suka kashe shi ba su bayar da gawarsa ba.

Ga mutanen nesa, abin da ya rage a zukata shi ne hoton wani tsoho a ɗaure cikin tufafi masu jini yana roƙon a cece shi. Ga mutanen Sabon Birni da Isa kuwa, wannan hoton na kwanakinsa na ƙarshe ne kawai. Kafin nan akwai gomman shekarun da ya yi yana zaune a fada, yana raba gardama, yana tsayawa a kan gawar wasu, yana riƙe da gida mai yawan jama'a.

Rawani mai tsohon tarihi

Sarautar Sarkin Gobir tana cikin tsofaffin sarautun ƙasar Hausa. A ƙarni na 18 Gobir ce daular da ta fi kowace ƙarfi a yammacin ƙasar, hedikwatarta kuma Alƙalawa, wadda kufanta ke cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta yau, kusa da Gulbin Rima. A nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki, kuma a zamaninsa ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi nisa da wa'azi a ƙasar.

Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, a zamanin Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya saɓani ya shiga tsakanin ƴaƴan sarautar, sai Ɗan Halima ya baro Tsibiri da jama'arsa ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Najeriya.

Shi ya sa har gobe ake da Sarkin Gobir fiye da ɗaya: akwai na Tsibiri, akwai na Sabon Birni, akwai na Isa, akwai na Gwadabawa. Dangi kuwa iyaka ba ta raba su ba. Mutumin Sabon Birni yana da kawu a Tsibiri, yana da ƴa da ke aure a Gidan Runji. Wannan ne dalilin da ya sa labarin rasuwar Alhaji Isa Bawa ya girgiza ɓangarorin biyu lokaci guda.

A tsarin Majalisar Sarkin Musulmi, matsayinsa na uban ƙasa ne, wato hakimi. A watan Afrilun 2024 gwamnatin jihar ta yi garambawul a sarautun gargajiya, inda ta sauke hakimai 15, ta kuma mayar da shi daga Sabon Birni zuwa gundumar Gatawa. Wata uku bayan haka aka sace shi.

Abin da uban ƙasa yake yi

Wanda ya tashi a birni zai iya ɗauka aikin hakimi bai wuce naɗa rawani da hawan sallah ba. A karkarar Gobir abin ya wuce nan nesa.

Ƙofar gidan uban ƙasa ita ce wurin da ake fara kai kuka. Idan shanu suka shiga gona, can ake zuwa. Idan ƴan'uwa suka yi rikici a kan iyakar fadama, ko aure ya yi tsami har iyaye suka kasa, can ake zuwa kafin a je gaban alƙali. Idan ma'aikatan rigakafi suka zo, sai ya sa baki kafin magidanta su buɗe ƙofa. Baƙon da dare ya yi masa, a zauren gidansa yake kwana. Hausawa suka ce babba juji ne, kuma babu wanda ya san nauyin wannan magana kamar mai riƙe da gunduma.

Akwai wani aikin da ba a rubuta shi a kowace takarda ba, shi ne tsayawa a kan mamaci. Idan wani dagaci ko malami ko attajiri ya rasu, ana jiran isowar uban ƙasa kafin a ɗauki makara. Shi ke zama a gaban zaman makoki, shi ake miƙa wa hannu a yi wa ta'aziyya a madadin gari. A tsawon shekarun da Alhaji Isa Bawa ya yi a sarauta, wannan yana cikin abin da rawaninsa ya ɗora masa, kuma a shekarun baya-bayan nan jana'izar ta yi yawa fiye da kima.

A ƙarshen watan Mayun 2020 ƴan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, duk a Sabon Birni. A Satumban 2021 suka afka wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma. A Oktoban shekarar suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka mutu. A Disamba kuma suka tare wata motar matafiya a kusa da Gidan Bawa suka cinna mata wuta da mutane a ciki. Ita kanta Gatawa an kai mata hari ba sau ɗaya ba.

Duk wannan yana faruwa ne a kan idon masu sarautar da ba su da ko ɗan doka ɗaya. Tun a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe ƴan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun hukumomin En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage, kuma kundin tsarin mulki na 1999 bai tanadi wani aiki ga sarakuna ba. Amma talaka bai daina kallon hakimi a matsayin garkuwarsa ba.

Nan ne hakimin karkara ke samun kansa gaba kura baya sayaki. Idan ya yi magana da ƴan bindiga don a bar mutanensa su yi noma, sai a ce yana haɗa baki da su. Idan ya kai rahotonsu ga jami'an tsaro, labari na iya riga shi komawa daji. Masu hali da yawa sun kwashe iyalansu zuwa Sakkwato. Alhaji Isa Bawa kuwa yana kan hanyar komawa gida ne aka tare shi.

Kwanar Maharba

A ranar Asabar 27 ga Yulin 2024, sarkin ya baro Sakkwato zuwa Sabon Birni tare da ɗansa. A daidai wurin da ake kira Kwanar Maharba ƴan bindiga suka tare motarsu, suka yi daji da su biyun.

Direbobin gabashin Sakkwato sun san wuraren da ake riƙe numfashi idan an iso. Kwanar Maharba tana cikinsu, haka ma dajin Gundumi da ke kan hanyar Marnona zuwa Isa, wadda matafiya suka daɗe suna ƙaurace wa. Dazuzzukan yankin sun haɗe da na Shinkafi da Zurmi a Jihar Zamfara, sun kuma miƙe har iyakar Nijar, abin da ke ba maharan damar tsallakawa daga wannan jiha zuwa waccan a kan babura cikin ɗan lokaci.

Ba shi ne mai rawani na farko da aka sace ba. A 2019 an sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar, aka ceto shi a Kano bayan wata biyu. A 2021 an sace Sarkin Kajuru Alhaji Alhassan Adamu, sannan Sarkin Bunguɗu Alhaji Hassan Attahiru, dukansu suka dawo gida da rai. Wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauka shi ma Sarkin Gobir ciniki za a yi a sako shi.

Rahotanni sun ce maharan sun fara neman Naira biliyan 1. Kuɗi ne da babu wani gidan hakimi a karkara da zai iya haɗawa, ko da an sayar da gonaki da dabbobi duka. Aka shiga mako na biyu, aka shiga na uku, ana ta kai-komo ta waya.

Saƙon ƙarshe

A tsakiyar watan Agusta wani bidiyo ya bazu a Facebook da WhatsApp. A ciki an ga sarkin a zaune a ƙasa, an ɗaure shi, jini ya ɓata masa riga, babu rawani babu hula. Ya roƙi gwamnatin Jihar Sakkwato da Majalisar Sarkin Musulmi da ƴan'uwa da abokan arziki su taimaka a biya kuɗin kafin wa'adin da aka ɗiba ya cika. Ya kuma tuna wa hukuma shekarun da ya kwashe yana yi mata hidima.

A ƙasar da ake cire takalmi a durƙusa kafin a gaishe da uban ƙasa, ganin wannan hoton ya fi ƙarfin zukatan mutane da yawa. Tsofaffi sun ƙi kallo. Matasa kuwa suka yi ta yaɗa shi da fatan ko zai kai ga kunnen wanda zai iya yin wani abu.

A ranar Laraba 21 ga Agusta labari ya fito cewa an kashe shi. Ɗansa, wanda ya yi zaman dajin tare da shi tun daga ranar farko, ya kuɓuta bayan an biya kuɗin fansa, wanda rahotanni suka ce ya kai Naira miliyan 60 haɗe da babura. Daga nan aka wuce da shi asibiti a Sakkwato. Ya dawo shi kaɗai.

Sallar da ba a saba gani ba

Haƙƙin mamaci a kan masu rai abu huɗu ne a Musulunci: a yi masa wanka, a sa masa likkafani, a yi masa sallah, a binne shi. Farilla ce da idan wasu suka yi ta sauka daga kan sauran, idan kuwa babu wanda ya yi, laifin ya hau kan kowa. Mutanen Sabon Birni ɗaya kaɗai suka samu ikon yi daga cikin huɗun.

Sallar da ake yi wa mamacin da ba ya nan ana kiranta salatul ga'ib. Asalinta shi ne sallar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Najjashi, sarkin Habasha, a Madina ranar da ya rasu a ƙasarsa. Malaman Shafi'iyya da Hambaliyya sun kafa hujja da wannan suka halatta ta. Malikiyya da Hanafiyya kuwa suna ganin abin ya keɓanta da Annabi. Akwai kuma malaman da suka bi tsakiya, irin su Ibn Taimiyya, suka ce ana yin ta ga wanda ya rasu a inda babu wanda ya sallace shi.

Ƙasar Sakkwato ƙasar Malikiyya ce tun kafin jihadi, don haka akwai dattawan da suka tsufa ba su taɓa tsayawa a irin wannan sahu ba. Abin da aka saba shi ne a rasu da safe a binne kafin la'asar. Yin salatul ga'ib ga uban ƙasa guda, a tsakiyar garinsa, shaida ce ta inda al'amari ya kai.

Fushin jama'a bai tsaya a masallaci ba. Matasa sun fantsama kan tituna suna zanga-zanga, an ƙona wasu gine-gine, har hukuma ta sa dokar hana fita a garin. Shugaba Bola Tinubu ya yi Allah wadai da kisan, ya kuma yi alƙawarin za a hukunta waɗanda suka aikata.

Gidajen da ba su da kabarin ziyarta

Abin da ya samu gidan Sarkin Gobir ya fito fili ne saboda rawani. A ƙauyukan Isa da Sabon Birni akwai gidaje masu yawa da irin haka ta same su ba tare da kowa ya ji ba. An ɗauke maigida daga gona ko daga kan hanyar kasuwa, an yi waya sau biyu ko uku, daga nan layin ya daina shiga.

Ga Bahaushe, kabari shi ne ke rufe magana. Idan aka dawo daga maƙabarta sai a shimfiɗa tabarma a karɓi gaisuwa, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a inda aka saba yi. Matan mamaci su shiga takaba ta wata 4 da kwana 10. A biya bashi, a raba gado, a san wanda zai riƙe marayu. Kowane mataki yana jiran wanda ya gabace shi.

Iyalan Alhaji Isa Bawa sun samu tabbacin rasuwarsa, tunda akwai wanda yake tare da shi. Matan da mazajensu suka ɓace babu shaida ba su samu ko wannan ba. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan yankin, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, a ɗibar mata shekara 4, sannan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin irinsa ba zai wuce su a raye ba. Ma'ana mace za ta zauna ba ita ce mai miji ba, ba kuma bazawara ba, gona tana nan ba a san mai ita ba, yara suna tambayar ranar da baba zai dawo.

Wasu daga cikin irin waɗannan iyalai ba ma a gida suke ba. Tun daga 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, inda Hukumar Kula da Ƴan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Chadakori. Wasu suna cikin garuruwan Isa da Sabon Birni da Sakkwato, a makarantu da kangwaye da gidajen dangi. Ko waɗanda suka binne nasu, maƙabartar tana ƙauyen da ba su iya komawa.

Batun kuɗin fansa ma yana nan yana cin gidaje. Wata kotun tarayya a Abuja ta ayyana ƴan bindigar a matsayin ƴan ta'adda a Nuwamban 2021, a Afrilun 2022 kuma Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa. Hujjar ita ce kowace naira da aka kai daji harsashi take sayowa, kuma gaskiya ne. Sai dai wanda aka kira shi ya ji muryar mahaifinsa ana dukansa ba lissafin harsashi yake yi ba. Zai sayar da gona da shanun huɗa, ya bi dangi da ƙoƙon bara, tunda babu wanda ya nuna masa wata hanyar.

Abin da ya biyo baya

A farkon Satumban 2024 Shugaban Ƙasa ya umarci Ƙaramin Ministan Tsaro, Bello Matawalle, da Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, su tare a Sakkwato. A cikin watan ne sojoji suka kashe Halilu Sububu, ɗaya daga cikin manyan jagororin ƴan bindiga, a Jihar Zamfara. Daga baya aka haɗe rundunonin yankin a ƙarƙashin sunan Fansan Yamma. Ita ma gwamnatin Ahmad Aliyu tun kafin nan ta kafa nata askarawan don taimaka wa jami'an tsaro.

Duk da haka, sunan Bello Turji bai daina hana mutanen Isa da Sabon Birni barci ba. Ana ci gaba da ɗora wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi, kuma direba yakan tambayi na gabansa lafiyar hanya kafin ya tayar da mota.

Ga sauran hakimai da dagatai, darasin a fili yake. Idan za a iya ɗauke Sarkin Gobir a kan titi, a riƙe shi kwana fiye da 20, duniya tana kallo, to mai unguwar ƙauyen da ko sabis na waya babu ya san matsayinsa. Duk mai sarautar da ya kwashe kayansa ya koma birni, jama'arsa sun rasa wurin kai kuka, ita ma gwamnati ta rasa idonta da kunnenta a wannan yanki.

Yadda za a tuna da shi

Duk wanda ya rubuta sunan Isa Bawa a intanet a yau, bidiyon nan ne zai fara cin karo da shi. Waɗanda suka ɗauke shi sun yi haka ne don su tozarta shi su kuma tsorata masu rai, kuma duk lokacin da aka sake tura shi, aikinsu ake taya su. Jikokinsa za su girma su riƙe waya. Abin da ya fi dacewa su tarar shi ne hotonsa da rawani a cikin fadawansa, da tarihin shekarun da ya yi yana hidima, wanda har yanzu yana bakin abokansa da dagatan da suka yi aiki da shi. Aiki ne da ke jiran ƙungiyoyin Gobirawa da masana tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tun waɗannan dattawan suna raye.

Akwai kuma bashin da ke kan hukuma. Na farko shi ne a gurfanar da waɗanda suka kashe shi a gaban shari'a. Na biyu, a nemo inda aka bar shi a dawo da shi cikin kakanninsa. Na uku, a buɗe rajista a kowace gunduma ta Isa da Sabon Birni, a rubuta sunan duk wanda aka kashe ko ya ɓace, da garinsa da ranar da abin ya faru, domin matan da aka bari su samu abin riƙewa a gaban alƙali, marayu kuma su samu shaidar da za a tallafa musu da ita. Hakimai da dagatai da limamai sun san waɗannan sunaye gida-gida, abin da ya rage shi ne a ba su takarda da kariya.

Allah Ya jiƙan Sarkin Gobir Alhaji Isa Muhammad Bawa, Ya karɓi shahadarsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Allah Ya jiƙan sauran magidantan ƙasar Gobir da suka kwanta a daji babu wanda ya san wurin, Ya kawo ƙarshen wannan masifa.